Kunnen Halima na Hagu

Kunnen Halima na hagu ba ya ji, kuma ni ne sanadi. Ba ruwan wanka ne ya shiga mata ba, kamar yadda kuka taso kuna ji. Innarku ba ta yi sakaci ba. Magani na ba Halima da hannuna, kwana biyar, daga kwalbar da ni na zaɓa, ni na ajiye, ni kuma na hana a canza. Ban iya rubutu ba, shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan yadda na faɗa, na ce kada a sassauta mini ko kalma ɗaya. Ku huɗun duka ku karanta, amma Halima ta fara.

A ruga aka haife ni, a dajin Kaboji. Ciwon huhu ya cinye rabin shanunmu, ɓarayi suka kwashe sauran, mahaifina bai kai wata damina ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Na shigo Kontagora da Dada kakarku, da Innarku tana goye da Sa'adu, da ƙwarya biyu da tabarma. Na yi ga-ruwa, na yi dako a kasuwar hatsi, na kwana a rumfar mutane ina gadi. Daga baya wani mai shagon magani ya ga ba na ɗaukar abin da ba nawa ba, sai ya fara ba ni kaya ina kai wa kasuwannin ƙauye. Akwatin ƙarfe ne a bayan keke. Beri da Kaboji da ƙafata nake tuƙawa, Bangi kuwa sai in ɗora keken a kan mota. Ban san abin da aka rubuta a jikin ko ɗaya ba. Da launi na san su, da girman kwali, da wari. Mai ja da rawaya na gudawa ne, fara mai tsaga a tsakiya ta ciwon kai ce. Shekara bakwai ina wannan. Mutanen ƙauye suka sa mini suna Likita, ni kuma na amsa. A shekarun nan ne muka samu ɗaki biyu masu rufin kwano, Innarku ta fara dama kokon sayarwa a ƙofar gida, aka haifi Halima.

Abu ɗaya na shigo da shi gari wanda ba wanda ya koya mini, shi ne sanin nono. Tun ina bin maraƙa na san kindirmo mai kyau a haɗe yake, fari tas daga sama har ƙasa. In ka ga ruwa ya taso sama, kaurin ya koma ƙasa, to ko an yi masa ha'inci ko ya kwana biyu. Da wannan idon nake duba kowane abu mai ruwa. Da shi na duba magani, kuma shi ya kashe wa 'yata kunne.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan girbi, mai shagon ya ba ni maganin yara na ruwa, wanda ake ba su in ƙirji ya kama ko kunne yana ciwo. Iri biyu ne, ya ce aikinsu ɗaya, masu yin su ne daban. Duka launinsu ja-ja ne kamar an ɗiga zoɓo a madara, duka a kwalba mai duhu, sai ka ɗaga wa rana kake ganin ciki. Na farkon in ka ajiye shi da safe, kafin azahar ya rabu biyu. Sama ruwa garau, ƙasa wani abu kamar audugar da aka jiƙa, ya kai rabin kwalba. Na biyun kuwa sai ya yi mako yana tsaye a haɗe, gwanin kyau. Matan kasuwa ma idonsu irin nawa ne. Mace ta ɗaga na farkon ta duba, ta dire mini shi.

"Likita, wannan ai ya tsinke. Ba ni mai kaurin."

Sai na koma girgiza shi a ɓoye kafin in shimfiɗa kaya. Girgiza uku yake buƙata ya haɗe kamar bai taɓa rabuwa ba. A raina ina ganin ha'inci nake yi, irin na mai motsa tsohon nono kafin mai saye ya iso. Na riƙa tura shi ga mutanen da suka fito daga nesa, waɗanda ba za su dawo mini da shi ba. Wannan ma ku sani. Mai kaurin kuwa na zaɓi kwalba ɗaya, wadda ta fi kowace kyau a idona, na kawo gida. Na ɗora ta a kan katangar ɗaki, ƙarƙashin kwano, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na ce wannan ta gidana ce. Nan ta zauna ba wanda ya taɓa ta, har bazara ta zo ta wuce a kanta. Kun san yadda kwanon ɗakin nan yake da rana tsaka. Ko hannu ba ka iya ɗorawa.

Halima tana da shekara uku a lokacin. In ban da Sa'adu, ba ku san ta a haka ba, ita ma ba za ta tuna ba. Yarinya ce mai kunne. Kekena yana da wata ƙara a sarƙa, ƙyas-ƙyas, wadda ni kaina ba na ji sai na saurara. Ita tun ina kwanar masallaci take jinta. Sai ta bar abin da take yi ta ruga ƙofa tana cewa Baffa ya zo, tun Innarku ba ta ga kowa ba. Dada takan ce wannan da a ruga take, da ita za ta riƙa jiyo kura kafin karnuka. Ni ba mai wasa da yara ba ne, kun sani. Amma ita nakan ɗora ta a kan akwatin, in tura keken da ita daga ƙofa zuwa bakin rijiya. Tafiyar ba ta fi taku goma ba. Kullum sai an yi ta.

Da ruwan farko ya sauka, mura ta kama ta. Bayan kwana biyu jiki ya yi zafi, ta fara jan kunnenta na hagu tana kuka. Na san wannan ciwon, na sha sayar da maganinsa. Na miƙa hannu kan katanga na sauko da kwalbar, na goge ƙura da bakin rigata, na miƙa wa Innarku. Har da alfahari na miƙa mata. Ta girgiza, ta fita tsakar gida ta ɗaga wa rana, ta daɗe tana dubawa. Ta sake girgizawa da ƙarfi, ta sake dubawa.

"Malam, akwai abu a gindinsa. Ya kwanta kamar gasara."

Na karɓa na duba. Ruwan yana nan da launinsa, da ɗan duhu-duhu, bai yi garau irin na tsinkakken ba. A can ƙasa akwai wani farin abu da bai fi kaurin yatsa ba.

Na ce, "Gindin kwalba ne. Haka ake yin su da kauri."

Ta ce, "Ka ba ni na cikin akwatin mana, wanda yake haɗewa in an girgiza."

"Tsinkakke zan ba 'yata?"

"Ni dai gasara in ta kwanta haka, ruwan da ke samanta ba ya yin koko. Sai an sa hannu an ɓamɓaro ta."

Na ce, "Koko kika sani. Ki tsaya a kan koko."

Ta kawo cokali. Ni na zuba, ni na ba yarinyar. Ta sha ta lashe baki, don yana da zaƙi, ta ce a ƙara. Na yi dariya na dubi Innarku, ita kuwa ta juya ta koma wajen murhu.

A cikin makon nan na ci kasuwar Beri. Wata Bakambariya ta zo da yaro a kafaɗa, sa'an Halima, shi ma yana jan kunne, jikinsa kamar garwashi. Ta fito daga wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba. Mai kaurin ya ƙare a akwati, sai tsinkakken. Na juya mata baya na girgiza shi, na miƙa mata, na nuna mata da hannu ta riƙa girgizawa kafin ta ba shi, don kada ta ga ya rabu ta zubar. Hausarta ba ta da yawa. Ta riƙe kwalbar ta dube ni.

"Mai kyau?"

Na ce, "Mai kyau ne." Na faɗa ina ganin ƙarya nake yi mata.

A gida kuwa, safe da yamma ina ba Halima cokali. Zazzaɓi bai sauka ba. Rana ta uku kunnen ya fara zubar da mugunya, matashinta ya yi wari. Dada ta zauna a bakin ƙofa da carbinta tana magana yadda Innarku za ta ji.

"Na sha faɗa a gidan nan, a daina kwara wa yarinya ruwa a ka kamar ana wanke tukunya. Ga shi nan ya shige mata."

Rana ta huɗu Innarku ta ce mini a hankali, ko za a kai ta asibiti. Na ce magani ba ya aiki rana ɗaya, kuma Likita ba ya kai 'yarsa wajen wani likita mutane su ji. Rana ta biyar bayan kunnen ya kumbura, ya turo kunnen gaba. Yarinyar ta daina kuka. Ido kawai take buɗewa ta rufe. Da safen nan Innarku ba ta tambaye ni ba. Ta goya ta, ta hau turmi ta sauko da kwalbar daga kan katanga, ta ƙulle a bakin zani, ta fita. A zamanmu duka wannan ne karo ɗaya da ta fita ba da iznina ba. Na bi ta a baya ina tura keke da akwatin a kai, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

A asibiti suka kwantar da ita, suka sa mata ruwa, suka fara allurai. Likitan ya tambayi abin da aka ba ta a gida. Innarku ta kwance bakin zani ta miƙa masa kwalbar. Ya juya ta sau biyu, ya dube ni, ya ce in kai ta ɗakin da ake ba da magani, in nuna wa dattijon da ke wurin. Wani Banufe ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare, Hausarsa tana da ɗan lanƙwasa. Ya sallami mutanen da ke taga tukuna, sannan ya ce in zagayo ciki. Ya girgiza kwalbar har hannunsa ya gaji. Sai ya kife ta a kan teburi, murfi a ƙasa. Ruwan ya gangaro. Farin abin nan ya tsaya a sama, manne da gindin kwalba, bai motsa ba. Ya buɗe ya tsiyaye ruwan a kofi, ya sa wata waya yana ƙwaƙulowa. Abin ya ɓalle gutsure-gutsure kamar kanwa, ya zubo a kan takarda. Ya turo mini takardar.

"Ga maganinka nan, Malam. Kusan duk yana nan. Ruwan zaƙi da launi ta sha."

Ya tambaye ni inda na ajiye ta, da tun yaushe. Na faɗa masa. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa wannan ma. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini. Na ce masa ni mai kyan na zaɓa, akwai wani a akwati wanda ya tsinke, shi na ƙi ba ta. Ya ce in kawo. Na fita wajen keke na ɗauko kwalba ɗaya da ta rage. Ta rabu biyu kamar kullum. Ya ɗaga ta ga taga, ya girgiza sau uku, ya kife ta. Gindin kwalbar fes, ba abin da ya maƙale.

Ya ce, "Wannan ne lafiyayye."

Na ce, "Ai ya tsinke."

"Kana sa alif a randa in ruwan rijiya ya yi laka?"

"Muna sawa."

"Lakar takan yi yaya?"

"Takan dunƙule ta sauka."

"In ka motsa randar fa?"

"Sai ta taso."

Ya ce to shi ke nan. Ya ce maganin nan gari ne wanda ba ya narkewa a ruwa, yawo kawai yake yi a ciki, kuma kowane irinsa sai ya sauka ƙasa, ba makawa. Abin dubawa shi ne yadda zai sauka. Masu yin wannan da gangan suka sa masa abin da ke sa garin ya riƙe juna dunƙule-dunƙule, sako-sako, kamar lakar da alif ya tara. Yana saurin sauka, yana da munin gani, amma akwai ruwa a tsakaninsa, da ka girgiza sai ya tashi gaba ɗaya, kowane cokali ya ɗauki rabonsa. Wancan kuwa kowace ƙwayar gari ita kaɗai take yawo, shi ya sa yake daɗewa da kyan gani. Amma a hankali yake sauka, manya su fara, ƙanana su bi su shige tsakaninsu, su cike kowace kafa, su danne kamar daɓen ɗaki. In ka bar shi wata da watanni ba motsi, ga zafin kwano da rana, ga sanyin asuba, sai ya zama wannan. Ya nuna takardar da waya.

Na ce, "Matata ta ce kamar gasara."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To ita ta gane. Da ka ji nata."

Na tambaye shi abu ɗaya. Na ce da wannan na ba ta, da ta warke?

Ya ce, "Ban sani ba, Allah ne ya sani. Wani ciwon kunnen ko da magani sai ya yi ɓarna. Abin da na sani, kwana biyar ciwon yana ci, ba abin da ya tare shi. Daga yau duk maganin ruwa da ka riƙe, ka girgiza, ka kife, ka dubi gindinsa. In abu ya maƙale ya ƙi tashi, kada ka ba ɗan kowa."

Na naɗe takardar da garin a ciki na sa a aljihu. Ban san dalili ba.

Kwana tara Halima ta yi a asibiti. Allah ya bar mana ita. Muka dawo gida, ta fara cin abinci, ta fara tafiya tana dafa bango. Na ce a raina an tsira. Bayan mako biyu na dawo daga kasuwa da la'asar, na wuce kwanar masallaci, ba wanda ya rugo. Na shigo ƙofa, tana zaune a tsakar gida tana wasa da marfin kwano. Na buga ƙararrawar keke. Ta ɗago ta ce Baffa, amma sai ta juya wajen rijiya tana nemana, ni kuwa ina tsaye ta ɗaya gefen. Ta juya ta sake juyawa kafin idonta ya same ni. Sannan ta yi dariya ta taso. Na ɗora ta a kan akwatin na tura ta taku goman nan. Innarku tana tsaye a bakin madafa, ta ga komai.

Washegari da hantsi Dada ta tafi gidan suna. Innarku tana tace gasara a bayan ɗaki, hannunta fari har gwiwa. Na tsuguna kusa da ita, na fito da takardar na buɗe. Na gaya mata duk abin da Banufen ya ce, har da cewa ita ce ta gane. Ta dubi garin, ta ci gaba da matsa mataci.

Ta ce, "Na sani tun ranar."

Na ce zan gaya wa Dada, ta daina ɗora mata.

"Kada ka gaya mata."

"Don me?"

"In Dada ta ji, unguwa ta ji. In unguwa ta ji, yarinyar nan za ta taso ana nuna mata ubanta. Ni uwa ce, Malam. Ko me aka ce na yi mata, a bayana take kwana, za ta yafe mini tun kafin ta san ma'anarsa. Kai kuwa ba ka iya magana ba, ba ka iya rarrashi ba. Keken nan kaɗai ke tsakaninku. Ka bar mata shi."

Na yarda. Ina so ku sani ba don maganarta ta fi gaskiya kaɗai na yarda ba. Na yarda don ya fi mini sauƙi.

Kasuwar Beri ta zagayo, na je. Ina shimfiɗa kaya sai ga Bakambariyar nan, yaron yana biye da ita da ƙafarsa, yana cin rake. Ta durƙusa ta ajiye mini ƙwarya ƙarama da ƙwan zabi a ciki. Ta kama kunnen yaron ta nuna mini, a bushe, lafiya lau. Ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da harshensu ta wannan kunnen, ya amsa.

Ta ce, "Likita, mai kyau. Na gode."

Na so in mayar mata da ƙwan, na rasa da wane baki. Na kawo su gida, Innarku ta dafa, Halima ta ci biyu. Ranar nan ce ranar ƙarshe da na sayar da magani. Na zauna na yi tunani, wanda na yi niyyar cuta Allah ya warkar, wadda na ɓoye wa mai kyau ita na cuta. Mutumin da bai san bambancin wannan da wancan ba bai kamata ya riƙe akwati ba.

Amma ban ajiye keken nan take ba. Na san na sayar da mai kaurin da yawa tun bayan girbi, kuma na san mutanenmu, ba sa zubar da ragowar magani, ajiyewa suke yi a rufin ɗaki don wata rana. Sai na bi kasuwannin nan uku da ƙauyukan da ke bayansu, cikin damina, ba kaya a akwati. In na yi sallama a gida sai in ce a fito mini da kwalbar da na sayar. In girgiza, in kife, in nuna musu gindin. Wasu na same su lafiya, na ce su riƙa girgizawa, su ajiye a inuwa kusa da randa. Wasu sun daskare kamar tawa, na karɓe na fasa a bayan gari. Wani a Kaboji ya ce mini Likita ya zama mai tsintar kwalabe. Wata tsohuwa ta ƙi ba ni tata sai da na kife ta a gabanta, ta sa tsinke da kanta ta ji tauri. Wata biyu na yi ina wannan. Da na gama na mayar wa mai shagon akwatinsa.

Ya ce, "Buba, kai kaɗai ka taɓa kuskure? Yanzu ai ka ƙara ilimi."

Na ce, "Ɗaya na koya, da kunnen 'yata. Ba ni da kunnuwan da zan koyi sauran da su."

Na koma dako a kasuwar hatsi. Kun taso kuna jin wai hukuma ce ta ƙwace mini kaya. Ba wanda ya kama ni, ni na ajiye. Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Ɗakin da na fara ginawa ya tsaya a taga har ciyawa ta fito a kansa. Sa'adu ya bar makaranta ya tafi gareji yana da shekara goma sha biyu, kuma na san har yau abin yana ransa. Kokon Innarku ne ya riƙe gidan nan a daminar da bayana ya ƙi tashi. Ba ta taɓa cewa in koma wa akwati ba.

Dada kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina maganar ruwan wanka ba. Duk baƙuwar da ta ga ana yi wa Halima magana ta dama, sai Dada ta ba ta labarin. Ranar bikin Halima wata gwaggonku ta maimaita shi a gaban dangin miji, tana dariya, wai a kula da amarya, uwarta ta wanke mata kunne ɗaya tun tana ƙarama. Ina zaure ina ji. Innarku tana rabon abinci, ta yi murmushi ta miƙa wa matar kwano. Da yamma na ce wa Innarku abin ya isa haka. Ta ce ai an riga an saba, in bar shi. Na sake bari.

Damina uku ke nan da muka binne Innarku. Na ɗauka maganar ta bi ta. Sai watan jiya, Halima, da kika zo da ɗanki kina yi masa wanka a tsakar gida. Ƙanwarki ta ɗebo ruwa za ta zuba masa a ka, kika tare hannunta kika ce ta yi a hankali, haka Inna ta yi miki. Ba da fushi kika faɗa ba. Kin faɗa ne kamar abin da kowa ya sani, har kika ƙara da Allah ya jiƙanta. Innarku ta ce za ki yafe mata, kuma kin yafe. Amma kin yafe mata abin da ba ta yi ba, kuma ɗanki zai taso da wannan labarin in ban buɗe baki ba. Ta hana ni faɗa don kina ƙarama. Yanzu ke uwa ce. Matar da ta hau turmi ta sauko da kwalbar nan, ta goya ki ta fita ba da iznina ba, ita ce ta sa kike raye. Wannan za ki gaya wa 'ya'yanki.

Ina nan Kontagora, a ɗakin baya na gidan Sa'adu. Bayana ya daina ɗaukar buhu, idona na dama ya yi hazo. Aikin da ya rage mini ɗaya ne: duk maganin ruwa da ya shigo gidan nan ko gidajen maƙwabta, ni ake kawo wa, in girgiza, in kife, in dubi gindinsa. Takardar nan da garin tana cikin aljihun tsohuwar rigata, duk wanda yake son gani ya zo. Bayan la'asar ina zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na matsa gefe ɗaya na tabarma, na bar wuri ta haguna. Halima, in kin ga dama ki zo ki zauna a nan, kunnenki na dama zai kasance ta wajena.